Kawu da Ɗan Rumbunsa na Iri

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a ƙarshen bazarar bana, cikin zafin nan da ke matse mutane gab da saukar ruwa. Ina shagona na ɗinki a Funtua waya ta same ni. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na nemi mota zuwa ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Kafur, da ƙyar na samu sallar gawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da na ji a tabarmar makoki. Wasu ba su ishe ni ba, wasu kuma sun ɓata mini rai. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Allah ya gafarta wa Malam, haka yake faɗa a kan kowace gawa, amma Kawu ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma shi kansa Malam ya sha ɗanɗana bakinsa. Wani maƙwabcinsa na gona ya shafa addu'a, ya juya ga na kusa da shi ya ce a hankali, “Allah ya jiƙan mai gonar ƙazanta.” Na ga kafaɗunsu na rawa suna danne dariya. Wannan sunan suka ba shi tun yana raye, ban dai zaci za su biyo shi da shi har bakin kabari ba.

Mutum ɗaya na ga ya yi kuka a fili, wani dattijon Bafulatani da ya tako daga ruga da sandarsa. Ya tsuguna can gefen tabarma, aka yi aka yi ya hau ya ƙi. Da ya share hawaye sai ya ce, “Duk yankin nan gonarsa kaɗai ta rage wadda nake sakin shanu bayan girbi hankalina kwance. Sauran duk an yi musu feshi.” Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya ce masa an gode, Allah ya ba da lada, ya juya ga baƙin da suka zo da mota.

Ni kuwa ina zaune ina amsa gaisuwa, amma hankalina na cikin gida, a kan wani ɗan rumbun ƙasa da ke bayan ɗakin Kawu. A cikinsa irin shukarsa yake: dawa kala-kala, gero da maiwa da dauro, wake iri-iri a cikin goruna. Wasu daga hannun kakansa suka gangaro, wasu shi ya tattaro su a yawon ƙuruciya. Ya yi mini alkawarin su, ni ma na yi masa alkawarin zan shuka su bana. In ban shuka ba sun tafi ke nan, don iyakar saninmu babu wani rumbu a ƙasar nan da ya rage da su. Sai dai ni ɗan mace ne, ba ni da gado a gidan, kuma ba a tayar da maganar kayan mamaci ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na tsuke bakina na ce a raina sai an yi addu'ar uku.

Bari in faɗi abin da suke kira ƙazanta. Idan ka bi hanyar ƙauyenmu da damina, dama da hagu masara ce da waken suya, layi-layi, tsaf, ba ko tsinken ciyawa a tsakani. Sai ka iso wani wuri da za ka rantse daji ne. Dawa na sama, gero na ƙarƙashinta, wake ya nannaɗe musu ƙafa, kabewa ta bi kunya ta tafi yawonta, yakuwa da rama sun tsare iyaka. Ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga gawo, ga kanya. Tafasa da lalo da suka fito da kansu ba ya cire su, Inna matarsa na zuwa ta tsinka ta yi miya. Can gangare wajen fadama akwai kusurwar da fartanya ba ta taɓa shiga ba, sabara da kalgo sun rufe ta. Nan fakara ke ƙwai, nan bushiya da damo ke kwana, nan ya rataye amyar zumarsa. Idan ka tsaya a gonakin maƙwabta shiru za ka ji. Idan ka tsallako tasa sai kunnenka ya cika da kukan tsuntsaye da ƙwari.

In ka kuskura ka ce masa, “Kawu, ga ciyawa ta cinye maka gona,” sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Wa ya ce maka ciyawa ce? Sunanta ne ba ka sani ba.” Daga nan ka shiga uku, don sai ya gaya maka sunan, da abin da ke cinta, da ciwon da take yi wa magani, ko da kuwa sauri kake yi. Yakan kuma ce, “Ba ni kaɗai nake noman gonar nan ba.” Yana nufin zuma da ke bin fure, da tana da ke huda ƙasa, da balbela da ke tsince tsutsa. Ya ɗauke su abokan aiki, har ya fi ganin girmansu a kan wasu 'yan ƙwadago.

Lokacin da na fi son ganinsa shi ne gab da girbi. Kafin kowa ya sa wuƙa, shi kaɗai zai shiga ya bi dawa kai-kai, ya lanƙwaso zangarniya ya duba, ya murza ƙwaya a tafin hannu, wani lokaci ya tauna. Wadda ta yi masa sai ya yanke ya ɗaure da igiyar rama, kowane iri da ɗaurinsa. Kaura daban, farfara daban, ja daban, mai zaƙin kara daban, da wata gajeruwa mai saurin nuna da yake ce wa ta shekarar tsoro. Wake kuwa ya cuɗa shi da toka ya ɗura a gora ya toshe. Wahalar duk a kan Inna take ƙarewa, don bai yarda a haɗa mata biyu a turmi ɗaya ba. Takan ce, “Ni dai miji ɗaya aka aura mini, amma dawa nake yi wa bauta, kowace da halinta.” Shi kuma ya ce, “To ke da ƙannenki fa, haɗa ku aka yi aka daka?” Su yi ta yi, mu muna dariya.

Wata rana ya zo Funtua in ɗinka masa rigar salla. Yana zaune a kan benci yana kushe mini aiki kamar yadda ya saba, rediyo na kunne, sai aka sako wani shiri a kan muhalli. Wata malama ce ke bayanin abin da ta kira bambancin halittu. Ta ce kalmar ta ƙunshi duk wani mai rai da ke doron ƙasa, daga itace da dabba har abin da ido ba ya gani a cikin turɓaya. Kawu ya ɗaga mini hannu in tsayar da keke. Ta ce ba a nan abin ya tsaya ba, ya haɗa da bambancin da ke cikin jinsi ɗaya, yadda dawa take dawa amma wata ta jure fari wata ba ta jurewa. Sannan ya haɗa da wuraren zaman su kansu, fadama da tudu da kurmi da kogi, da yadda kowane ke rataye da ɗan'uwansa.

“Kai Tela,” in ji shi, don haka yake kirana, “ashe abin nan yana da suna?”

Na ce, “Ga shi kuwa ka ji, Kawu.”

“Ta ce kaura da farfara ba ɗaya ba ne?”

“Haka ta ce.”

“Har fadamata tana ciki? Ita kanta fadamar, ba kwaɗin ba?”

“Har ita, har kwaɗin.”

Ya yi murmushi, sai kuma ya tsuke fuska. “Ƙuduji fa? Wannan la'anannen da ke shanye mini dawa?”

Na ce ai ta ce duk mai rai.

Ya yi tsaki. “To a sa shi. Ban yafe masa ba, amma a sa shi. Mu fa, 'yan Adam?”

Na ce ina jin har da mu.

“Mu ne ƙudujin,” in ji shi. “Ci gaba da ɗinkinka, kuma ka gyara wuyan nan, ba jaki zai sa ba.”

Ranar ya koma gida da farin ciki kamar wanda aka yi wa kyautar doki. Bai ce ya fi malamar sani ba, cewa ya yi yarinyar nan iyayenta sun yi mata tarbiyya. Ya yi ta maimaita kalmar a majalisa yana karkace ta, ana yi masa dariya. Abin da ya faranta masa shi ne jin cewa akwai wasu mutane a wani wuri da ba su ɗauke shi mahaukaci ba.

Rigimarsa da Yaya ita ce ta karya shi, kuma ba zan ɓoye ta ba don ana makoki. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya danƙa wa 'ya'yansa babbar gona, ya riƙe ƙaramar da ke gangare. Damina ɗaya Yaya ya yi a cikinta ya ce tarakta ba ta iya juyawa saboda itatuwa, kuma inuwarsu na hana masara girma. Da rani ya kirawo masu injin yanka. Kawu na Malumfashi wajen ta'aziyya, ya dawo ya tarar da ɗorawa da kaɗanya a kwance, masu gawayi har sun fara tona rami. Na zo gaishe da Inna a ranar, don haka a gabana aka yi.

Bai ɗaga murya da farko ba. Ya ce, “Ɗorawar bakin hanya, ka san wa ya dasa ta?”

Yaya ya ce, “Baba, na sani. Amma ɗorawa ba ta biyan kuɗin makaranta.”

“Daddawar da ka girma da ita daga ina take fitowa?”

“Yanzu akwai dunƙulen miya a kowane shago. Baba, ka duba yawan bakin da ke gidan nan. Gonar da ta ciyar da mutum goma a zamaninku, yau mu nawa ne a kanta? Masara ce ke cika buhu. In na yi noma irin naka, kafin azumi mun fara awo.”

Nan Kawu ya fashe. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce masa ɗan kasuwa ne ba manomi ba, ya ce wanda ke sayen iri a leda duk shekara bawan mai leda ne. Na sa baki na ce a yi haƙuri, Yaya ya juyo kaina. Ni da shi taubasai ne, mun saba tsokanar juna tun muna yara, amma ranar ba wasa a muryarsa. Ya ce, “Kai ɗan mace, me ya haɗa ka da gonarmu? Ka je ka ji da zarenka.”

Gaskiyar Allah, maganar Yaya ba duka ce ƙarya ba. Gidan ya cika, ƙasa ba ta ƙaru ba, kuma abin da gonar Kawu ke bayarwa ba ya cika mota. Na san haka, shi ya sa abin ya fi ci mini rai, don da mugu ne Yaya da na samu wanda zan tsana in huta. Kawu dai ya daina cin tuwon da aka yi da masarar gonar. Inna ta koma yi masa nasa daban a 'yar tukunya, da dawarsa. Uba da ɗa suna gaisawa, suna salla a sahu ɗaya, amma ban ƙara ganin sun zauna hira ba.

Duk zafin bakin nan nasa, iri bai taɓa sayar da shi ba. Duk wanda ya roƙa zai ba shi, sharaɗi ɗaya ne, in ka girbe ka dawo masa da zangarniya ko ɗaya ce, don a san irin na da gida biyu. A shekarun da rashin tsaro ya fara koro mutane daga ƙauyukan yamma, wata mata ta sauka a garinmu da marayunta, an kashe mijin, an ƙone musu rumbuna. Aka ba ta aron wani ɗan fili. Ta zo wurin Inna neman abin shukawa, Kawu ya tambaye ta garinsu. Da ta faɗa sai ya tashi ya hau rumbu ya sauko da wani ɗauri na jar dawa mai dogon wuya ya ajiye a gabanta. Matar ta dube shi, ta ɗauka ta shinshina, sai ta fasa kuka. Dawar garinsu ce. Yana saurayi ya je can fatauci ya karɓo ta a hannun wani tsoho, ya yi ta juya ta a gonarsa shekara da shekaru. Ya ce mata, “Taku ce, ajiya aka ba ni. Daina kuka kar ki jiƙa mini iri.”

Na so a ce labarin ya ƙare a nan. Bayan damina biyu mai filin ya ce ko ta shuka masara su raba, ko ta ba shi wurinsa, dawa ba ta da kasuwa. Ta shuka masara. Me za ta yi? Haka sauran ma. A shekarunsa na ƙarshe Kawu ya sa jikansa ya riƙa ɗaukarsa a babur suna bin waɗanda ya taɓa ba iri, har Musawa sun je. Wannan ya ce ɓera ya ci, wancan ya ce yara ba sa son tuwonta, wani ma ya manta an taɓa ba shi. Ya dawo hannu wofi. Ya ce mini, “Tela, na zaci na rarraba ajiya a gidaje. Ashe abinci na yi ta rabawa.”

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi tun farkon damina, bai yi shuka ba. Ya roƙi 'ya'yansa su sa masa ko kunya biyu-biyu na kowane iri, suka ce to, aikin masara ya sha kansu, har lokaci ya wuce. Iri kuwa ba dutse ba ne. In ya tsallake damina ɗaya yana iya tsira, in ya tsallake ta biyu sai dai a yi addu'a. Da na zo duba shi bayan girbi ya sa Inna ta fita, ya kama hannuna.

“Kana da inda za ka shuka?”

Na ce surukina ya yi mini alkawarin wani fili a bayan Funtua.

“Tudu ko gangare?”

“Rabi da rabi, Kawu.”

“Madalla. Kaurar a tudu, mai dogon wuyan a gangare. Kar ka haɗa su kusa, aure suke yi. Kuma kar in ji ka yi feshi, ko ina kabari sai na sani.”

Na ce to in kwashe su yau mana, tunda ga ni ga mota. Ya harare ni. A gidansu ba a buɗe rumbun iri sai shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci, haka ya tarar, haka zai bari. Iri in ya fita da wuri, in ji shi, ko dai zafin ɗakin kwano ya kashe shi ko yunwar bazara ta cinye shi. Na yi magiya, ya ce, “Da ka ga shamuwa ka zo. Ni da kaina zan miƙo maka, in gaya maka sunan kowanne.” Wannan taurin kan nasa ne, wanda Malam ya kira haƙuri.

Na koma na karɓi filin. Na share shi, na sa aka kai mini takin shanu, na auna inda kowane iri zai zauna. Abokan sana'ata suka yi ta yi mini tsiya, wai tela ya zama sarkin noma. Ina jin daɗin tsiyar. Shamuwa ba ta riga ta iso ba waya ta iso.

Ranar addu'ar uku aka cika maƙil, har daga Funtua da Kafur. Na riga na shirya maganar da zan yi wa Yaya da zarar jama'a sun watse, a gaban Inna, tunda ta san da alkawarin ko da ba ta ji shi da kunnenta ba. Bayan an shafa fatiha yara suka fara fito da sadaka, ƙoren gumba da ƙosai, sai kuma kwanukan tuwo don baƙin nesa. Aka ajiye kwano ɗaya tsakanina da wani tsoho da ban sani ba, ya ce tare suka yi fatauci da marigayi. Na buɗe. Tuwon ba fari ba ne, ba ja ba, ba rawaya ba, wata kala ce a tsakani. A gidan nan kuwa masara ake tuƙawa, na fi kowa sani.

Na miƙe na shiga cikin gida ba ko sallama, na ratsa mata na zaga bayan ɗakin. Jinkar rumbun na ƙasa a kife. Na taka dutse na leƙa. Babu komai sai igiyoyin rama da aka kwance, da goruna a fashe, da toka.

Matar Yaya ta biyo ni tana goge hannu da zani. Mace ce mai kirki, ita ta yi jinyar Kawu har ƙarshe, ba ta taɓa yi masa tsaki ba. Ta ce, “Lafiya, Baban yara?”

Na ce, “Ina hatsin da ke nan?”

“Au, shi ne muka yi sadakar da shi. Ka san gumba sai da gero, mu kuwa ba mu da ko ƙwaya a gidan nan, masara ce kawai. Ga baƙi sun yi yawa. Sai babbar yayar su maigidan ta ce ai ga na Baba nan a rumbu, ya fi shekara, in an bar shi ƙwari za su ci. Gara a ciyar da jama'a da guminsa, ladan ya tafi masa kai tsaye.”

“Dawar fa?”

“Jiya aka sussuke aka kai inji. 'Yan ɗaure-ɗaure ne ƙanana, sai da muka haɗa su duka sannan suka isa.”

“Waken?”

“Shi ne ƙosan. Wanke tokar nan kaɗai ya ba mu wuya.” Ta dubi fuskata, muryarta ta sauka. “Wani abu ne? Wallahi alheri muka nufa.”

Na san alheri suka nufa. Ana gobe addu'ar ina zaune a waje na ji lugudensu, na ɗauka hatsin kasuwa ne, kamar yadda ake yi a kowane gidan makoki. Na tsuguna a gindin turmi ina tona ƙasa da yatsa ko zan samu abin da ya zube. An share wurin tas, abin da tsintsiya ta bari kaji sun gama da shi. Mata suka yi cirko-cirko suna kallon ƙato da furfura yana tonon ƙasa.

Inna na ɗakinta cikin takaba. Ta kira ni, na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗago kai ba, carbi na hannunta. Ta ce, “Ba wanda ya tambaye ni. Sai da ƙamshin ya shigo na gane.” Na juya na fita.

A zaure na ci karo da Yaya. Na gaya masa. Na ga abin ya ɗan taɓa shi, sai kuma ya dafa kafaɗata ya ce, “Haba ɗan mace, a kan dawa? Ka zo gobe in ba ka irin masara mai kyau ka sa a filin naka. Baba kuwa ya samu lada, dubi yawan mutanen da suka ci.”

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa ya tarar da gonar da ba a yi mata feshi. Ina roƙa masa wannan da zuciya ɗaya. Mu da ya bari kuwa ban san me zan roƙa mana ba, kuma har yau raina bai huce ba.

Na koma tabarma don babu inda zan je. Tsohon nan ya kusa cinye rabinsa, yana siɗe yatsa. Ya matso mini da kwanon ya ce, “Ɗana, sa hannu mana. Rabon da in ci tuwo irin wannan tun mahaifiyata na raye. Ashe har yanzu akwai dawar nan a duniya? Kai na ga ɗan gida ne. Don Allah in an natsu ka roƙa mini irinta, ko cikin tafi ne, bana in shuka a bayan gida.”

Na ce masa, “Baba, ci a hankali. Irin ke nan a gabanka.”